Amsa ga ɗalibin da jarabawarsa ta faɗo kan lokacin Juma'a

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu kafin na fara rubutu. Kace kana shekarar farko a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewacin Kamaru, an liƙa jadawalin jarabawar ƙarshen zango a babiyar, wato allon sanarwa, sai kaga an saka muku babban darasi ranar Juma'a daga ƙarfe 12 zuwa 3, ga kuma azumi zai shigo ana tsakiyar sesiyon ɗin jarabawa, abokanka wasu sunce ka rabu da takardar kawai ka tafi masallaci tunda akwai ratrafaj, wato jarabawar gyara da ake sake yi daga baya, wasu sunce ai karatu ma ibada ne Allah ya san zuciyarka, kai kuma hankalinka ya ƙi kwanciya da ko ɗaya. Toh Allah ya ƙara maka wannan kishin na addini, domin da yawa ko tambayar basa yi.

Na haura shekara goma ina koyarwa, kuma sau da yawa ina cikin waɗanda ake zama dasu a tsara wannan jadawalin da kuke gani a bango, dan haka bari na fara da faɗa maka yadda ake haɗa shi, in ka gane wannan zaka san ƙofar da zaka ƙwanƙwasa. Galibi ba ƙiyayya bace take sa jarabawa ta faɗo kan Juma'a, ƙarancin ɗaki ne. Jami'ar Gaundere da ke Dang tun 1993 take a matsayin cikakkiyar jami'a, ta Marwa 2008, ta Garwa kuwa 2022 aka kafa ta, kuma ko ina ka duba ɗalibai sun fi kujeru yawa, musamman ku 'yan shekarar farko da ake tara ku ɗaruruwa a aji ɗaya. Manyan anfi, wato manyan ɗakunan lacca, kaɗan ne, fakulte (tsangaya) biyu uku na rabon su, dole a raba yini gida uku, safe da tsakar rana da yamma, sannan a nemo masu gadin jarabawa na kowane zama. Mutumin da ke gaban kwamfuta yana cike gurabe lissafinsa kawai wane aji zai shiga wane ɗaki, in gurbin Juma'a tsakar rana ne ya rage shi zai baku, wani ma wlh musulmi ne sai bayan an liƙa yake lura. Wannan ne yasa nake cewa gyara na yiwuwa, amma yana yiwuwa ne tun takardar bata bushe ba. Da zarar an raba ma masu gadi sunayensu, an buga tambayoyi an rufe a ambulan da rana da awa a jiki, motsa zama ɗaya sai ya taɓa biyar, a nan ne ko wanda ke son taimakonka zai ce maka kayi haƙuri.

Ka san matsayinka a doka kuma, kada kaje da abinda ba naka ba. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya ce ƙasa ba ta wani addini bace, kuma ya lamunce ma kowa 'yancin addini da yin ibada. Dokar ranakun hutu ta 7 ga Disamba 1973 ta saka ƙaramar Sallah da babbar Sallah cikin ranakun hutu na ƙasa, kamar yadda ta saka Kirsimeti da Juma'ar Ista da 15 ga Agusta. Amma Juma'ar kowane sati ranar aiki ce cif. Kenan wanda ya saka muku jarabawa ƙarfe 12 bai karya doka ba, kai ma da kake neman a matsar baka roƙi abin kunya ba. Roƙo ne mai tushe, ba umarni ba, kuma yadda ka shigo da shi shi ke yanke rabin hukuncin.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka nemi delegen ajinku, wato wakilin ɗaliban ajin. Kada ka tafi kai kaɗai ofishin dwayen, shugaban fakulte, ɗalibi ɗaya ɗan shekarar farko a bakin ƙofa sakatariya ma zata iya mayar da shi. Ku zauna da delege ku rubuta reket, wato takardar roƙo, da Faransanci mai tsafta zuwa ga shugaban sashenku, a sa kwafi ga mataimakin dwayen mai kula da sikolarite (ofishin rajista da harkokin karatun ɗalibai), shafi ɗaya ya isa. Ku faɗi darasin da lambarsa da rana da awa, ku ce wannan lokacin ya ci karo da sallar Juma'a wadda take wajibi akan ɗalibai maza musulmi na ajin, ku haɗa da jerin sunaye da matirikil (lambar ɗalibi) da sa hannun duk wanda abin ya shafa. Sai abu mafi muhimmanci wanda kusan kullum ɗalibai ke mantawa da shi: ku kawo mafita da kanku. Ku tsaya gaban babiyar ku karanta jadawalin fakulte gaba ɗaya ba naku kaɗai ba, ku ga ko anfin nan babu kowa ƙarfe 3 na ranar, ko akwai ƙaramin aji da safe da za a iya musanya da su, ko ranar Asabar akwai gurbi. In kuka rubuta cewa muna roƙon a mayar da shi ƙarfe 2 da rabi a ɗaki kaza tunda mun ga babu kowa a ciki, kun sauke ma mutumin nauyin tunani, sa hannu kawai ya rage masa. In kuka ce a canza mana kawai, kun ƙara masa aiki ne a satin da ko barci baya samu. Ku ajiye takardar a sakatariya a buga muku tambari da kwanan wata akan kwafinku, sannan ku je wurin malamin darasin ku gaishe shi ku sanar da shi da baki, domin in aka tambaye shi yace shi bashi da matsala an gama.

Dan Allah kada ku fara da guruf na WhatsApp ko Facebook ana cewa ana yaƙar Musulunci a fakulte kaza. Na ga inda gyara ya kusa, magana irin wannan ta fita da safe, kafin azahar kowa ya ja daga, wanda zai sa hannu ya ji in ya canza za a ce tsoro ya ji. Ƙungiyar ɗalibai musulmi, CAMSU ko kwamitin masallacin makaranta, suna da amfani sosai a nan saboda akwai manya a cikinsu 'yan masta da dokta da suka san wane malami ake bi ta wurinsa, amma su shigo a matsayin masu rakiya da lallashi. Kuma ku duba cikin ajinku, in akwai 'yan Adbantis, kiristocin da basa aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, kuma a Arewa Mai Nisa suna da yawa wajen su Koza, kada ku nemi a ɗauke daga kanku a jibga musu ranar Asabar. Haka in mafitarku Lahadi da safe ce kun taɓa sauran kiristoci. Ku tambaye su tun kafin ku rubuta. Takardar da musulmi da kirista suka sa ma hannu tare tafi kowace nauyi a teburin dwayen, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Toh in an ƙi fa, ko lokaci ya ƙure?

A nan nake so ka nutsu, domin abokanka duka ɓangaren biyu sun yi maka gajeriyar magana. Juma'a ba abin wasa bace, aya ta 9 a Suratul Jumu'a a fili take cewa in an kira sallah a bar ciniki a tafi, kuma hadisin wanda ya bar Juma'a uku saboda sakaci Allah zai rufe zuciyarsa yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i. Amma ka lura da kalmar, sakaci. Wanda ya rubuta takarda ya bi ofis ofis ya nemi a canza aka ƙi, sannan rashin zamansa zai jawo masa asarar shekara da kuɗin iyayensa, ba a kiransa mai sakaci. Littattafanmu na Malikiyya da muka taso muna ji a zaure sun lissafa uzurorin barin Juma'a, rashin lafiya, jinyar wanda bashi da mai kula da shi, ruwan sama mai ƙarfi da taɓo, tsoron abinda zai sami rai ko dukiya, kuma akan wannan na ƙarshen ne malamai da yawa na zamani suka gina cewa jarabawar da ba yadda za a yi a ɗaga ta, wadda rasa ta cuta ce ta gaske, uzuri ce ta wannan ranar. Sai ka sallaci azahar raka'a huɗu. Kaje ka zauna da limamin masallacinku ka faɗa masa yadda abin yake dalla dalla, ka nuna masa kwafin reket ɗin ma, domin hukuncin wanda yayi ƙoƙari daban yake da na wanda ya naɗe hannu.

Kafin ka kai ga barin ta ma, kayi lissafin agogo. A yankinmu rana na karkata ne wajen ƙarfe 12 da 'yan mintuna, masallatai kuma ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba, wani ƙarfe 1, wani 1 da rabi, wani sai wajen 2. Jarabawa da yawa da aka ba awa uku a jadawali ainihin takardar awa biyu ce, sauran lokacin na kiran suna da zaunar da mutane ne, ka tambayi malamin. In ka gama ka fita wajen ƙarfe 2 ka hau moto, wato babur, zuwa masallacin da ke jinkiri, wanda ya riski raka'a ɗaya tare da liman ya sami Juma'a, sai ya ƙara ɗaya. Amma kada saboda haka ka rubuta rabin amsa ka miƙa takarda ka fita a guje, ka rasa nan ka rasa can. Ka shiga da alwalarka. In an tashi ƙarfe 3 cif azahar bata fita ba tukuna, la'asar a nan sai wajen 3 da kwata zuwa da rabi take shiga, dan haka ka ajiye biro ka nufi inda zaka yi sallah kai tsaye, hirar me ka rubuta a tambaya ta biyu ta jira.

Wannan lissafin zai yi maka amfani a sauran ranaku ma. Zaman 12 zuwa 3 baya fitar da azahar, zaman 3 zuwa 6 shi ne mai haɗari ga la'asar domin magariba na faɗowa wajen 6 zuwa 6 da rabi, toh wannan ka lura da shi, sau da yawa ana jinkirin raba takarda, in lokaci ya shiga kafin a rufe ƙofa minti biyar ya ishe ka a gefen anfi. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya haɗa azahar da la'asar a Madina ba tsoro ba tafiya, da aka tambaye shi dalili yace dan kada ya ƙuntata ma al'ummarsa, Imamu Malik a Muwaɗɗa yace yana ganin saboda ruwan sama ne, wasu malamai suka ɗauke shi akan jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta a yi la'asar a farkon nata. Na kawo maka ne dan ka san akwai faɗi a wurin matsi, ba dan ya zama al'adar kowane sati ba. Wani abu kuma da nake yawan ji daga yaranmu na Kusiri da 'yan Cadi da ke karatu a nan, wai su matafiya ne tunda ba garinsu bane. A mazhabarmu wanda yayi niyyar zaman kwana huɗu cikakku hukuncin tafiya ya sauka daga kansa, balle wanda ya kama ɗaki na wata tara.

Yanzu maganar ratrafaj da abokanka suke jingina da ita. Wannan ce shawarar da ta fi bani tsoro a cikin saƙonka. A tsarin LMD, wato lisans, masta, dokta, kowane zango kiredi 30 ne (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi), shekara 60, lisans wato digirin farko 180, kuma a mafi yawan fakulte makin darasi kashi 30 daga sese yake zuwa, wato gwajin da ake yi a cikin zango, kashi 70 daga sesiyon normal, wato babbar jarabawar ƙarshen zango. Ratrafaj dama ce ta ƙarshe, in ka ƙona ta farko da hannunka ka shiga ta biyu ba abinda ke bayanka, zazzaɓin sauro ya kama ka a ranar ko moto ta lalace a hanya shikenan darasin ya bi ka shekara mai zuwa, kuma wa ya ce maka ita ratrafaj ɗin ba zata faɗo ranar Juma'a ba? Sannan ƙa'ida ta bambanta daga fakulte zuwa fakulte akan wanda bai zo ba ba tare da dalili a rubuce ba, kaje sikolarite ka tambaya da bakinka kada ka dogara da ance. Sese kuwa ya fi haɗari saboda yawanci bashi da ratrafaj, yardar malami ce kawai. Yi lissafin da kanka, in ka ci sifili a sese sai ka sami sama da 14 bisa 20 a babbar jarabawa kafin ka kai 10 ɗin da ake haye darasi da shi, alhali wanda ya sami 12 a sese 9 da ɗan abu ya ishe shi. Akwai wani yaro da na koyar shekarun baya, mai hankali mai natsuwa, ya bar jarabawa ya tafi masallaci bai faɗa ma kowa ba, ni kaina sai ranar saka maki naga gurbinsa fayau. Lokacin ratrafaj mahaifinsa na kwance a asibiti. Ya maimaita, ya sake biyan sefa dubu 50 na rajista ga kuɗin ɗaki ga abinci, kuma har yau abin na ci mini rai domin da ya zo mini ranar Litinin ɗin satin da magana ɗaya da an gyara, tunda anfin ba kowa ƙarfe 3 na wannan Juma'ar.

Azumi kuma. Shekarar musulunci kwana 354 ce, tana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, a 2024 mun ɗauki azumi wajen 11 ga Maris, 2025 farkon Maris, 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, kaga kenan shekarun da zaka yi a jami'a kusan duka azumi zai riƙa zama akan jarabawar zango na farko, gara ka saba tun yanzu. Abin daɗin shi ne yana fita daga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, yana shiga sanyi. Jarabawa ita kaɗai ba uzurin ajiye azumi bace, ayar Baƙara mara lafiya da matafiyi ta ambata, kuma karya azumin Ramadan da gangan a wurinmu ramuwa ce da kaffara, ciyar da miskini 60 ko azumin wata biyu a jere. Ka kwana da niyya ka tashi da azuminka. In a cikin ɗakin jiri ya ɗebe ka har kana tsoron lafiyarka, wannan hukuncin mara lafiya ne, ka sha ka rama. Mai ciwon suga ko gyambon ciki ya ga likita tun kafin wata ya tsaya.

Gaskiya abinda ke kayar da ɗalibai a azumi ba yunwa bace, rashin barci ne. Anyi buɗa baki da ƙosai da kunu da shinkafa har ciki ya cika, an tafi asham, an dawo an zauna shayi da hira har ƙarfe 1, a tashi sahur ƙarfe 4, sannan a ce za a rubuta lissafi ƙarfe 8. Asham nafila ce, daren da kake da takarda da safe ka yi abinda ya sawwaƙa ko a ɗakinka ka kwanta, ka jinkirta sahur ka sha ruwa sosai, karatu mai nauyi ka ajiye shi bayan asuba lokacin kai na sake. Tahajjud na goman ƙarshe ka zaɓi dararen da washegari babu jarabawa ka raya su da kyau.

Sallah ita doka ta riga ta baka ranar, matsalarta wata ne. Mai jadawali yana bin kalanda ya bar rana ɗaya, kwamitin duban wata na ƙasa kuma sai daren yake sanarwa, wani lokaci ta matsa da kwana ɗaya, wasu ma a bakin iyaka kunnensu na Najeriya. Shi yasa duk shekara nake roƙo a zaman tsara jadawali a bar kwana biyu fayau, ku ma ku saka wannan a reket ɗinku tun yanzu. Sallar idi sunna ce mai ƙarfi, da hantsi ake yinta an gama kafin 10, amma tafiya gida ita ce tarkon, daga Gaundere zuwa Marwa kusan kilomita 500 ne, motocin ajans, wato kamfanonin sufuri, cike suke a satin, kada ka tafi yin Sallah gida in kana da takarda washegari ko jibi. Ka kira su Inna a waya ka yi barka da Sallah, layya ko tuwon Sallah ba zaka rasa gidan da zai kira ka ba a unguwa.

Ka isar ma 'yan uwanka mata na ajin cewa Juma'a bata wajaba akansu ba, su zauna su rubuta hankali kwance su yi azahar bayan an tashi. Nasu abin da ke tasowa a bakin ƙofa ne, mai gadi yace a buɗe kunne a duba ko akwai abin sauraro, ko a haɗa fuska da hoton kati. Su zo da wuri su nemi mace cikin masu gadi ta duba su a gefe, kusan kullum akwai, in ba kowa su roƙi shugaban ɗakin ya kira wata daga sakatariya.

Kai dai yanzu ka ɗauki hoton jadawalin gaba ɗaya da wayarka, ka nemo gurbin da ba kowa, ku rubuta takardar yau da dare ku tara sa hannu gobe a aji na farko, ta shiga sakatariya kafin ƙarfe 10. In kwana biyu suka wuce shiru ku koma da kwafin mai tambari wurin shugaban sashe, kai da delege da mutum ɗaya babba daga kwamitin masallaci. Ka rubuto mini abinda suka ce da awa nawa malamin yace takardar zata ɗauka, sai mu duba wane masallaci ne zaka iya riska daga inda anfin yake. Allah ya bada sa'a ƙanena, ka gaida mutanen gida.